Lulubelle ko Lucybelle: Binciken Jirgi Mai Lamba 86

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin ɗan jirgin roba irin wanda ake harhaɗawa da hannu ya san ba robar ce ke ba jirgin suna ba. Robar toka-toka ce, fukafukai a gefe, farfela a gefe, tayoyi a maƙale da sanda. Abin da ke mayar da ita jirgin wane, na rukuni kaza, a shekara kaza, wata 'yar takarda ce da ake shimfiɗawa a ƙasan kwalin. A kanta aka buga taurari da lambobi da tutoci da sunaye. Ana yanko kowace alama da almakashi, a tsoma ta cikin ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi har gam ɗin da ke ƙarƙashinta ya saki, sannan a zame ta a hankali da matsefata ko jiƙaƙƙen buroshi zuwa jikin jirgin, a danne da auduga har ta kwanta kamar fenti. Sitikar ruwa ke nan.

Masu wannan sha'awa mutane ne masu tsananin bin diddigi. Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan, da Airfix na Ingila, da Revell, suna fitar da jiragen a ma'auni daban-daban. A ma'aunin 1/48, inda aka rage komai sau 48, jirgin Corsair mai faɗin fukafukai mita 12 da rabi yakan dawo kimanin santimita 26. Akwai kuma kamfanonin da suka shahara a kan buga sitikar ita kanta, kamar Cartograf a Italiya da Microscale a Amurka. Mutum zai share makonni yana goge-goge da fenti, amma ranar liƙa alamomi ita ce ranar da yake ba da shaida cewa ga jirgin wane, kuma haka kamanninsa suke a lokaci kaza. Shaida ce ta tarihi, ko da a kan roba aka ba da ita, kuma ina ganin ta cancanci a bincike ta kamar kowace shaida.

Cikin alamomin Corsair da aka fi bugawa akwai wasu da kusan kowane mai harhaɗa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa gani: farar lamba 86, ƙananan tutocin Japan guda 20 a jere a ƙarƙashin mazaunin matuƙi, sunan Manjo Gregory Boyington, sai kuma sunan mace. Shekaru da dama sunan da ake bugawa shi ne Lulubelle. Daga baya wasu suka koma buga Lucybelle, wasu kuma suka riƙa saka duka biyun a takarda ɗaya, su bar wa mai saye zaɓi. Haruffa biyu ne kacal suka raba sunayen, kuma a kan ɗan jirgin sai an kanga gilashi ake karanta su sosai. Amma waɗanda suka bi sawun haruffan nan biyu sun tarar ba sunan kaɗai ke da magana ba. Jirgin da kansa da tutocin da ke jikinsa, kowanne da tasa.

Kamfanin Vought ne ya ƙera Corsair domin sojojin ruwan Amurka, da nufin ya riƙa tashi daga jiragen ruwa masu dakon jiragen sama. An ɗora masa injin Pratt & Whitney mai ƙarfin doki 2,000, da wata ƙatuwar farfela da ta haura ƙafa 13, wadda tana cikin dalilan da suka sa aka lanƙwasa fukafukansa ƙasa sannan sama, don farfelar kada ta daki ƙasa ba tare da an tsawaita ƙafafun tayoyin ba. Da aka gwada shi a kan jirgin ruwa a 1942 sai matsaloli suka bayyana. Dogon hancinsa yana tare wa matuƙi gani lokacin sauka, ƙafafunsa suna sa shi tsalle idan ya dira, fiffiken hagu kuma yana saurin faɗuwa idan gudu ya ragu. Sai aka miƙa mafi yawansu ga rundunar Marin, sojojin kundumbalar da ke ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa, waɗanda ke tashi daga filayen tsibirai. A Fabrairun 1943 Corsair ya fara shiga yaƙi daga Guadalcanal, a tsibiran Solomon da ke kudancin Tekun Fasifik.

A can ne Boyington ya same shi. An haife shi a 1912 a jihar Idaho, ya zama matuƙi a rundunar Marin kafin yaƙi, sannan a 1941 ya ajiye aiki ya shiga ayarin 'yan sa-kai na Amurka da ke taya ƙasar Sin yaƙar Japan a ƙarƙashin Claire Chennault, waɗanda aka fi sani da Flying Tigers. Ya yi shawagi a sararin Bama, ƙasar da sojojinmu na Afirka ta Yamma suka je suka gwabza da Japanawa bayan shekara biyu. Bai jima ba suka ɓata da Chennault, ya bar ayarin a Afrilun 1942, ya hau jirgin ruwa daga Indiya zuwa gida. A Satumbar 1943 aka ba shi damar tattara matuƙan da ke zaune a tsibirin Espiritu Santo ba su da rukuni, aka ba su lambar VMF-214, suka sa wa kansu suna Black Sheep, wato Baƙaƙen Tumaki. Yana da shekara 30 a lokacin, ya girmi yawancin yaransa da kusan goma, shi ya sa laƙabin Pappy ya bi shi har kabari.

Ranar 16 ga Satumba, a karonsu na farko na sosai a sararin tsibirin Ballale, aka rubuta masa jiragen Japan biyar. Kafin zangon farko ya ƙare a ƙarshen Oktoba adadin ya kai 14. Nan fa 'yan jarida suka farga. Tarihin da Eddie Rickenbacker ya kafa a Yaƙin Duniya na Ɗaya jirage 26 ne, kuma Joe Foss na rundunar Marin ya kamo shi a Guadalcanal. Ga wani kuma ya taso yana neman wuce su. Amurka tana bukatar gwarzo, rundunar Marin tana bukatar sunanta a jaridu, gwarzo kuwa ba ya cika sai da hoto.

An ɗauki hoton Boyington cikin lamba 86 a ƙarshen Nuwambar 1943 a filin Turtle Bay da ke Espiritu Santo, bayan rukunin ya dawo daga hutu a Sydney ta Ostareliya, kafin ya koma bakin daga. Wannan wurin shi ne abu na farko da ya kamata ya sa mai bincike ya tsaya. Espiritu Santo sansanin baya ne, ɗaruruwan mil daga inda ake ɓarin wuta. Rukunin ya yi yaƙinsa na farko daga tsibiran Russell da Munda, na biyu kuma daga Vella Lavella da Bougainville. Jirgin da ke ajiye a Turtle Bay a wannan rana ba shi ne aka kakkaɓo jirage 14 da shi ba.

Dalilin yana cikin yadda rundunar Marin ke gudanar da jiragenta a tsibiran Solomon. Matuƙa ne ake juyawa, ba jirage ba. Rukuni zai je gaba ya yi kamar makonni shida, a ɗebe mutanen a kai su hutu, jiragen kuma su zauna a filin, rukunin da ya karɓi aiki ya gaje su. Makanikai ma sau da yawa ba na rukunin ba ne. Da asuba, jirgin da aka samu ya kwana lafiya, injinsa ya tashi, bindigoginsa shida suna aiki, shi ake rubuta wa matuƙi. A irin wannan tsari babu wanda ke da jirgin kansa, balle ya rubuta sunan masoyiyarsa a jiki. Mutanen Boyington sun sha ba da labarin cewa yakan zaɓi jirgin da ya fi kowanne tsufa a layi, don kada wani yaro ya ce an bar masa mara kyau. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna yadda abin yake: yau wannan jirgi, gobe wancan.

Ba ko'ina haka take ba, kuma wannan ne ya sa kuskuren ya yi sauƙin shiga. Rukunin sojan ruwa na VF-17, mai tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ya zo tsibiran nan da jiragensa da makanikansa. Kwamandansu Tom Blackburn yana da nasa mai lamba 1 da ya sa wa suna Big Hog, Ira Kepford kuma yana da mai lamba 29, wanda aka ɗauka hoto yana shawagi da tutoci 16 a jikinsa. Wanda ya liƙa alamomin Kepford a kan ɗan jirginsa ya faɗi gaskiya, domin jirgin ya tashi sama da su. Da mutane suka ga hoton Boyington cikin lamba 86, sai suka auna shi da wannan ma'auni. An ce gani ya kori ji, ga mutum a zaune cikin jirgi, ga sunansa, ga tutocinsa, me ya rage a tambaya?

Wanda ya fi kowa yin tambayar shi ne Bruce Gamble, tsohon jami'in jiragen sojan ruwan Amurka da ya koma marubucin tarihi. Ya rubuta littafi a kan rukunin a 1998, ya biyo da tarihin rayuwar Boyington mai suna Black Sheep One a 2000. Ya bi takardun rukunin na yau da kullum, ya zauna da tsofaffin matuƙan da suka rage, ya gwada abin da Boyington ya faɗa da abin da aka rubuta a lokacin. Jiragen sojan ruwan Amurka kowanne yana da lambar rajista ta dindindin, kuma a filayen Solomon an saba ɗaukar ƙarshen wannan lamba a rubuta da farin fenti a gefen jirgi. Jiragen da aka tabbatar suna da alaƙa da Boyington a bakin daga su ne irin su 17883, mai 883 a gefe, da 17740, mai 740, da 17915, wanda ya tashi da shi a ranarsa ta ƙarshe. Lamba 86, mai rajista 18086, ba a same shi cikin jiragen da ya kai yaƙi ba. Jirgi ne da aka samu a kusa, aka yi masa kwalliya, aka ɗauki hoto.

Hoton da kansa yana ba da shaidar haka ga mai lura. Tutocin irin na sojan ruwan Japan ne, jar rana mai tsirkiya, wadda ba a tsakiyar tutar take ba, ta ɗan karkata gefe ɗaya. Saboda wannan karkata ana iya gane inda kowace tuta ta fuskanta, kuma a jikin 86 ba duka suka fuskanci waje ɗaya ba. Makanikin da ke ƙara tuta ɗaya bayan kowace nasara, yana alfahari da jirginsa, ba zai yi irin wannan aiki ba. Aikin gaggawa ne na mutumin da mai kyamara ke tsaye a kansa. Akwai kuma wani hoton na Disambar 1943 da ya ƙara fito da abin fili. Rukunin ya aika wa ƙungiyoyin wasan besbol na Amurka cewa za su kakkaɓo jirgin Japan ɗaya a kan kowace hular wasa da aka aiko musu, ƙungiyar St. Louis Cardinals kuwa ta aiko. A hoton ana ganin Boyington da Chris Magee, ɗaya daga cikin gwanayen rukunin, suna musayar hulunan da ɗaurin ƙananan tutocin Japan. Ashe tutocin nasara a wannan fagen su ma bugaggun sitika ne, ana ajiye su a ɗaure, a ciro idan bukata ta taso. Wannan ya daɗe yana burge ni: mai harhaɗa ɗan jirgi a yau, da matsefatarsa da kwanon ruwansa, yana maimaita ainihin aikin da aka yi wa babban jirgin a Turtle Bay.

To, tutocin 20 daga ina? Sha huɗu na VMF-214 ne, kuma an rubuta su a takardun rukunin. Sauran shidan su ne Boyington ya ce ya harbo lokacin da yake tare da Flying Tigers. A nan lissafin ya fara tangarɗa, domin wancan ayari yana biyan ladan dala 500 a kan kowane jirgin Japan da aka lalata, don haka yana da takardun biya. Takardun sun nuna an biya Boyington kuɗin jirage uku da rabi. Biyu ne daga ciki aka harbo a sama. Ɗaya da rabin kasonsa ne na jiragen da aka lalata a ƙasa, a harin da suka kai filin Chiang Mai na Tailan ranar 24 ga Maris 1942, inda aka raba ladan tsakanin waɗanda suka je. Daniel Ford, wanda ya rubuta tarihin Flying Tigers a 1991, ya bi waɗannan takardu. Boyington dai ya dawo gida yana cewa shida, ya kuma yi imani an danne masa haƙƙi saboda rigimarsa da Chennault. Rundunar Marin ta karɓi maganarsa ba tare da ta nemi takarda ba, jaridu suka ɗauka, aka liƙa shidan a jikin 86.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kan shidan nan aka gina duk tseren da ya biyo baya. Ranar 17 ga Disamba Boyington ya jagoranci farmakin jiragen yaƙi na farko daga Solomon zuwa Rabaul, babban sansanin Japan a yankin. Ranar 23 aka rubuta masa huɗu, ranar 27 ɗaya, jimilla ta zama 25 a lissafin jaridu. Wa'adin rukunin na gab da ƙarewa, 'yan jarida kuma, ciki har da Fred Hampson na kamfanin dillancin labarai na AP, suna jiran sa a bakin fili duk lokacin da ya sauka. Mutum ne da ya gaji, jikinsa duk gyambon yankin zafi, yana tashi kusan kullum yana neman jirgi ɗaya. Ina ganin duk wanda ya karanta labarin waɗannan kwanaki zai ji tausayinsa, ko me ya ɗauka game da lissafin.

Ranar 3 ga Janairun 1944 ya tashi daga Torokina a Bougainville cikin lamba 915, ya nufi Rabaul. Abokan tafiyarsa sun ga ya harbo jirgi ɗaya, na 26, sannan suka ga ya kutsa ƙasa tare da mai rufa masa baya, Kyaftin George Ashmun. Babu wanda ya dawo cikin su biyun. Boyington ya faɗa teku a mashigin St. George, wani jirgin Japan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya tsince shi, ya yi kusan wata 20 a tsare, daga Rabaul zuwa Truk zuwa sansanonin Ofuna da Omori a kusa da Tokyo. Japanawa ba su sanar da kama shi ba, don haka a gida da yawa sun ɗauka ya mutu. An sako shi a ƙarshen Agustan 1945. Da ya dawo ya ce ya harbo wasu biyu a wancan karo na ƙarshe, babu shaida tunda Ashmun ya rasu, aka karɓa, adadin ya zama 28. Shugaba Truman ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka ranar 5 ga Oktoban 1945. Idan aka ɗauki biyu kacal daga zamansa na Flying Tigers, jimillarsa 24 ce, Joe Foss kuma shi ne kan gaba a rundunar Marin. Har yau masana na ja-in-ja a kan wannan, rundunar kuwa ba ta sauya lissafinta ba.

Saura sunan. A hotunan da suka fi yawo, farkon sunan da ƙarshensa suna fitowa, tsakiyar ce ba ta karantuwa sosai. Da masu zane da masu buga sitika suka tambayi Boyington bayan shekaru, amsar da aka samu ita ce Lulubelle. Babu wanda ya ga dalilin musu. Mai jirgi ne ya faɗa, sunan kuma sananne ne a kunnen Amurkawan wancan zamani, har tankar yaƙin Humphrey Bogart a fim ɗin Sahara na 1943 haka ake kiran ta. Sai aka buga shi a littattafai, aka zana shi a kwalaye, masu sitika suka kwafa daga masu zane, masu zane na baya suka kwafa daga sitika. Da haka kuskure ɗaya ya zama kamar shaidu goma, alhali duk daga baki ɗaya suka fito.

Gamble ya nuna cewa akwai wata mata mai suna Lucy. A jirgin ruwan da ya dawo da Boyington daga Indiya a 1942 suka haɗu, tana da aure a lokacin, shi kuma aurensa na farko ya mutu ya bar shi da 'ya'ya uku. Soyayya ta ƙullu har ya damƙa mata kula da wani kaso na albashinsa da al'amuran 'ya'yansa yayin da yake fagen fama. A Nuwambar 1943, lokacin da aka ɗauki hoton, ita ce a zuciyarsa. Bayan ya dawo daga kurkuku, a Janairun 1946, jaridu suka ɗauki labarin cewa ta je Reno neman saki don su yi aure, kwatsam sai aka ji ya auri wata daban. Abin ya zama abin kunya a bainar jama'a, rigimar kuɗin da ya bar mata kuma ta kai su gaban shari'a. Mutumin da ya sha wannan ɗaci, idan aka zo bayan shekara ashirin ko talatin aka nuna masa hoto aka ce wane suna ne wannan, ba abin mamaki ba ne ya sauya haruffa biyu. Wannan ne hukuncin Gamble, cewa Lucybelle aka rubuta, kuma yawancin masu buga sitika na yanzu sun bi shi. Ni ma na gamsu da shi, domin shi kaɗai ne ya haɗa lokacin hoton da halin da mutumin ke ciki da kuma dalilin ɓoyewa.

Ba na ganin wannan ya rage wa Boyington jarumtarsa. Waɗanda suka tashi tare da shi, har da masu jin haushin wasu halayensa, sun yarda matuƙi ne na gaske kuma jagora a sama. Shi da kansa bai ɓoye fama da giya da ya yi ba a littafinsa Baa Baa Black Sheep na 1958. Abin da binciken ya nuna shi ne bakin mai labari ba ya wadatarwa, ko da shi ne ya zauna a kujerar. Tsofaffin rukunin sun ɗanɗani wannan da kansu lokacin da tashar NBC ta fara nuna wasan talabijin mai sunan littafin a 1976, Robert Conrad yana fitowa a matsayin Boyington, shi kuma Boyington yana ba da shawara. An nuna su a matsayin tarkacen mashaya da masu laifi da aka tsamo daga bakin kotun soja, alhali yawancinsu matasa ne masu tarbiyya da suka zama lauyoyi da injiniyoyi da manyan hafsoshi. Ransu ya ɓaci ƙwarai. Frank Walton, jami'in tattara bayanan rukunin a lokacin yaƙi, ya fitar da littafinsa Once They Were Eagles a 1986 don ya wanke su. Amma wasan ne ya sayar da 'yan jiragen Corsair ga yara masu yawa, kuma da shi sunan Boyington ya ƙara kafuwa a kan kwalaye.

Ga mai harhaɗawa, sanin wannan duka yana sauya aikin hannunsa. Idan 86 yake so, babu laifi, jirgin ya wanzu kuma ya sa wannan kwalliya, ko da ta yini ɗaya ce. Sai dai ya san hoton ranar ɗaukar hoto yake ginawa: ya bar tutocin a karkace yadda suke, kada ya gyara musu layi, kada ya ɗora jirgin a kan filin Vella Lavella da hayaƙin bindiga a fukafukai. Hotunan gefe ɗaya suka nuna, don haka duk takardar da ta ba shi tutoci na ɗaya gefen hasashe ta ba shi.

Ko tauraron da ke jikin jirgin sai an yi masa lissafin kwanan wata. Har zuwa Mayun 1942 alamar Amurka farin tauraro ce mai jan ɗigo a tsakiya, aka cire ɗigon saboda masu harbi suna rikita shi da jar ranar Japan. A ƙarshen Yunin 1943 aka ƙara fararen sanduna biyu a gefen tauraron, aka zagaye duka da jan layi. Matuƙan Fasifik suka ƙi jinin jan, cikin 'yan makonni aka ba da umarnin mayar da layin shuɗi. A tsibirai masu nisa umarni yana isowa a makare, fenti ma ba kullum ake da shi ba, shi ya sa a ƙarshen 1943 za a ga jirage a fili ɗaya wani da jan layi, wani da shuɗi, wani an shafa masa fararen sanduna kawai babu layi. A hoto marar launi kuma ja da shuɗi mai duhu suna iya fitowa kusan iri ɗaya, gwargwadon irin fim ɗin da aka yi amfani da shi. Masu buga sitika nagari sukan saka iri biyu su bayyana dalilinsu.

Ni dai da za a tambaye ni, 915 ko 883 zan ce a gina. Ba su da ado. Fenti ne kala uku, shuɗi mai duhu a sama, mai haske a gefe, fari a ciki, rana da gishirin teku da ƙurar murjani sun cinye shi har ya koɗe. A gaban gilashin matuƙi akwai layukan farin salatif da makanikai ke liƙawa a kan gaɓoɓin tankin mai don kada yoyonsa ya fantsamo wa matuƙi a gilashi, ga tabon mai ya gangaro ta gefe, ga lamba uku da aka fesa da farin fenti. Babu tuta ko ɗaya, babu sunan kowa. Da irin waɗannan aka je Rabaul. Kuma zan so wata rana masu buga sitika su ware ɗan gefe a takardarsu su saka lambar jirgin George Ashmun, wanda ya bi kwamandansa ƙasa a safiyar 3 ga Janairu, kuma har yau yana cikin jerin sojojin Amurka da ba a gano gawarsu ba.